Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Ga Gwamnan Jihar Kano: A Bar Wa Yaranmu Fili

Mai Girma Gwamna,

Na rubuto ne a madadin yaran unguwanninmu, waɗanda ba su da ƙuri'a, ba su kuma da mai kai kukansu gidan gwamnati.

Ranka ya daɗe, Kano garin kasuwa ce, kuma da haka muke tinƙaho. Kasuwar Kurmi tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa take ci, sama da shekara 500 ke nan. Kantin Kwari na tufatar da jama'a har Nijar da Chadi, Dawanau na ciyar da su. A 2014 aka buɗe Ado Bayero Mall a titin Gidan Zoo, yanzu kuwa da wuya ka bi babban titi ba ka ga sabuwar plaza ana zuba mata dakin ba. Allah ya ƙara albarka. Damuwarmu ita ce filayen da waɗannan gine-gine suke cinyewa: gefen makaranta, jikin badala, bakin maƙabarta, da kududdufan da ake cikewa da shara a yanka su fuloti.

A layinmu, bayan la'asar, yara kan ajiye silifas biyu a tsakiyar titi su zama raga. Da an ji ƙarar adaidaita sahu sai a ɗauke ƙwallo, kowa ya manne da bango, in ta wuce a ci gaba. Filin da muka yi wasa a cikinsa muna yara yau shaguna ne. Ranar Sallah kuma iyaye sai su kwashi 'ya'yansu zuwa Gidan Zoo, wanda aka gina tun zamanin Audu Bako, a yi ta turereniya a ƙofa, domin wuraren shaƙatawar da talaka zai iya biya ba su da yawa.

Abin bai tsaya a wasa ba. Kududdufi shi ne mazubar ruwan unguwa. In aka cike shi, ruwan sama ɗakunan mutane zai nufa. Ambaliyar da ta shiga Kantin Kwari a daminar 2022 ta lalata dukiya mai yawa, kuma 'yan kasuwa da kansu sun koka da gini a kan magudanan ruwa. A watan Afrilu zafi kan haura digiri 40, ga unguwanni da dama babu inuwar da dattijo zai shimfiɗa tabarma. Matashin da ya rasa filin ƙwallo kuwa, majalisar banza tana nan tana jiransa.

Roƙona uku ne. A sa hukumar tsara birane ta KNUPDA ta ƙidaya filaye da kududdufan da suka rage a ƙananan hukumomi takwas na cikin birni, a bayyana wa jama'a sunayensu. A kai wa majalisar dokoki ƙudurin da zai hana kowace gwamnati sayar da su ko sauya musu manufa. Sannan duk sabuwar unguwar da za a yanka, a fitar mata da filin wasa da bishiyoyi tun kafin a raba fuloti, a danƙa kulawarsa ga mai unguwa da ƙungiyar matasan wurin.

Ranka ya daɗe, shago ana iya gina shi gobe, amma filin da aka zuba wa kankare ya tafi ke nan. Ka taimaka ka ceto abin da ya saura. Allah ya yi maka jagora, ya zaunar da Kano lafiya.

Naka,
Wani uba daga cikin birnin Kano