Mota don iyali ko mota don idon jama'a?

Tun da aka yi sunan ɗana na biyar nake fama da shawara iri ɗaya, a ofis da majalisa: "Malam, Golf ɗin nan fa ta yi maka kaɗan, ka nemi Sienna." Wani abokin aikina ma cewa ya yi mutum ya kai mataki na 13 a aikin gwamnati, ai sai jif. Na gode da kulawa, amma bari in faɗi abin da na gani bayan wata uku ina zagaya wuraren dillalai, don na san ba ni kaɗai ke cikin wannan lissafin ba.

Gaskiya ne Golf 3 ɗina ta gaza. Ni da uwargida, yara biyar, ga Hajiya da ta dawo wajena tun bayan rasuwar Baba. Ranar da muka je ta'aziyya Tarai, yara huɗu da Hajiya a baya, uwargida a gaba da jariri a cinya. Muna tafe akuya ta gitta, na taka birki, jaririn nan saura ƙiris ya bugi gaban mota. Allah ya tsare. Daga ranar na daina yi wa kaina ƙaryar cewa "za mu lallaɓa". Mun saba ganin lodin mutane a motocin haya na hanyar Karfi zuwa Bunkure da Rano har ya daina ba mu tsoro, muka kwaso ɗabi'ar muka kai cikin iyalinmu.

To amma daga Golf sai Sienna? A nan muka raba hanya da masu ba ni shawara.

Ranar 29 ga Mayu 2023 Shugaba Tinubu ya ce tallafin mai ya tafi. Kafin ranar lita ba ta kai naira 200 ba a gidan mai, zuwa ƙarshen 2024 ta haura 1,000. A shekarar ce Gwamna Abba Kabir Yusuf ya sanar da naira 71,000 a matsayin mafi ƙarancin albashi a Kano. Tankin Sienna ya haura lita 70. Wato a wancan farashin, cika ta sau ɗaya daidai yake da albashin masinjan ofishinmu na wata guda. Wani zai ce ai girman tanki ba shi ne shan mai ba, kuma haka ne. Amma injin mai fulogi shida ne, 3.3 ko 3.5, yana jan jiki mai nauyi. Ba za ta taɓa sha kamar 1.8 mai fulogi huɗu ba, ko me dillali zai rantse maka da shi. (Mu da sunan garinmu ke maƙale a gidajen mai har Legas da Abuja, ba a taɓa yi mana ragin ko naira ɗaya don mu 'yan Rano ne ba.)

Na san mutum biyu a unguwarmu da suka sayi manyan motoci kafin 2023. Yau duk an lulluɓe su da tamfol, masu su a kan Boxer suke zuwa aiki. Sai ranar sallah ko ɗaurin aure ake wanke su. Iyalin da aka sayi motar dominsu kuwa, Adaidaita suke hawa zuwa asibiti.

Abin da ya fi damuna kuma ba a maganarsa: ina za ka ajiye ta? Gidanmu na gado ne a cikin gari. Lungun an yi shi ne lokacin da jaki da keke ne abin hawa, ga kwata a gefe, ga dakalin maƙwabci. Golf ɗina ma sai na naɗe madubi ɗaya nake shiga. Na ari Sienna ta wani ɗan'uwa na gwada, tsawonta ya wuce mita biyar, kwanar farko ta ƙi shiga. Sai da yara suka taru suna "zo, zo, tsaya!" na fita da baya. In na saye ta, sai dai ta riƙa kwana a bakin titi ko in riƙa biyan mai gadi duk wata, kuma duk wanda aka taɓa cire wa batir da dare ya san zafin abin. Sannan ka yi tunanin ƙarfe biyun dare jikin Hajiya ya motsa, mota tana can nesa da gida. Me amfaninta?

Haka in ka shiga Kano. Je ka Kantin Kwari ko Sabon Gari ana saura kwana uku sallah ka nemi wurin fakin da doguwar mota. Za ka yi ta zagaye, in ka gaji ka ajiye inda bai dace ba, ka dawo ka tarar 'yan KAROTA suna jiranka, kuma da gaskiyarsu.

Ra'ayina shi ne, ma'aikaci mai iyali bakwai ko takwas ya duba ƙananan motoci masu kujera bakwai da fulogi huɗu. Akwai Toyota Picnic, akwai Corolla Verso, akwai Opel Zafira. Tsawonsu bai wuce mita huɗu da rabi ba ko kusa da haka, kujerun baya kuma suna naɗewa ko a cire su in za ka ɗauko buhun masara daga gona. Aibinsu shi ne in kujerun nan suna buɗe, but ɗin ba ya ɗaukar komai sai 'yar jaka. Na yarda da wannan. Sau nawa a shekara muke tafiya mu duka da akwatuna? Bai fi uku ba. In ta kama a sa kariya a sama.

Sharon fa? Ita da Ford Galaxy kusan abu ɗaya ne, masana'anta ɗaya ta ƙera su a Fotugal. Babu bakaniken da bai san cikinta ba daga Rano har Kibiya, kayanta kuma ko ina a Ƙofar Ruwa. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, don motar da sai an kai ta Kano an sa mata kwamfuta duk sanda fitila ta kama a gaba, ba motar mazaunin Rano ba ce. Matsalar ita ce yawancin waɗanda ke kasuwa sun ci haya sun ƙoshi, an yi musu fenti an ce Baljiyam ce. Sau biyu bakanikena yana shiga ƙarƙashi ya fito yana girgiza kai. Kada ka je wajen dillali kai kaɗai, kuma ka ga takardun kwastan da idonka kafin ka ba da ko sisi, musamman in an ce maka daga Kwatano ta shigo, tunda tun Janairun 2017 aka hana shigo da motoci ta kan iyakokin ƙasa.

Masu Vibe da Matrix, na san za ku taso. Motoci ne masu kyau, injin Corolla ne a cikinsu, ba su da shan mai, suna shiga ko wane lungu. In 'ya'yanka uku ne, kada ma ka tsaya dogon tunani. Ni dai kujera biyar ta riga ta wuce ni.

Inda masu jif suka fi ni hujja shi ne damina. Wanda iyayensa ke can cikin ƙauyukan Kibiya, inda kwalta ke ƙarewa laka ta karɓa, tsayin mota daga ƙasa yana da rana. Ban musa ba. Sai dai watan Agusta ɗaya ne a shekara, shan mai kuwa kullum ne, kuma ni dama in ruwa ya yi yawa a bakin kwalta nake ajiye mota in hau babur.

Game da gas na CNG da gwamnatin tarayya ke ta kira a koma, ina so ƙwarai. Amma tukunyar a but ake ɗora ta, daidai inda nake son zaunar da yara biyu, kuma ba zan je har Kano duk sanda zan sha gas ba.

Yanzu dai akwai wata Picnic mai giyar hannu da na gani, adashinmu na ofis kuma ni ke kwasa a watan gobe. In na haɗa da kuɗin Golf, saura kaɗan. Jiya na sa babban ɗana ya riƙe min tef muka auna faɗin lungu da ƙofar gareji, maƙwabta suna ta dariya. Wanda ya taɓa riƙe Picnic ko Verso a cikinku, don Allah ya gaya min yadda ƙafafunta ke jure hanyar Rurum, kafin Asabar in koma da bakanike.