Ibada ba ta ƙarewa da ganin watan Shawwal

Malam Edita,

Da zarar an sauko daga Idin ƙaramar Sallah, masallatan Boɗinga da Shagari sukan fara ramewa. Sahun Asuba da ke tumbatsa har waje cikin Ramadan yakan koma layi ɗaya, galibi dattawa. A rufe tafsiri, a naɗe tabarmi sai baɗi.

Wannan ba gadon yankin ba ne. A Sifawa ta ƙasar Boɗinga Shehu Usmanu Ɗan Fodiyo ya zauna yana karantarwa kafin ya koma Sakkwato a 1815, kuma karatun nan bai taɓa zama na wata guda ba.

Hanyar ɗorewa a fili take. Akwai Sitta Shawwal, wanda hadisin Muslim ya nuna cewa haɗa shi da Ramadan tamkar azumtar shekara ne. Wanda ake bi bashin azumi ya gaggauta ramuwa. Sai azumin Litinin da Alhamis, da Shafa'i da Wutiri, da karatun izu guda kullum. Ciyarwa kuwa ita ta fi saurin mutuwa, alhali maƙwabcin da aka kai wa kunu da ƙosai yana nan da yunwarsa.

Limamai su buɗe karatu tsakanin Magariba da Isha'i, masu hali kuma kada su sauke tukunyar sadaka.

Wassalam.
Mai karatu, daga Boɗinga