Ba Laifin Mai Jita Ba Ne, Wuta Ce Ba Ƙarfi

A Maiduguri, in muryar jita ta shaƙe a tsakiyar biki, nan da nan sai jama'a su ce makaɗin bai iya ba, ko kayansa jabu ne. Wannan hukunci akwai zalunci a cikinsa, gama sau da yawa laifin na wutar lantarki ne.

Tsakanin jita da lasifika akwai wata 'yar akwati da makaɗi ke takawa da ƙafa don ya sauya muryar kiɗa, watau feda. Yawancinsu bolt 9 suke bukata, daga batir ko daga adafta. In ƙarfin ya ragu, sai feda ta kasa ɗaukar kiɗan da aka zuba mata. Amon ya dusashe, ya yi gurnani, ya riƙa yankewa tun tsirkiya ba ta gama rawa ba. Irin fedar zamani kuwa mai ƙwaƙwalwar kwamfuta ba ta san lallaɓawa ba, ɗif take ɗaukewa.

Abin mamaki, a Turai da Amurka akwai makaɗan da ke neman wannan gurnani da gangan. Sukan sa batir mai rauni cikin feda irin Fuzz Face, wadda aka fara ƙerawa a Ingila a 1966, wadda Jimi Hendrix ya yi suna da ita. To, amma su zaɓa suka yi. Makaɗin Barno dole aka yi masa, kuma dole ba ta zama ado.

Ƙa'idar wutar gida a Nijeriya bolt 230 ce. Maiduguri kuwa tana can ƙarshen dogon layin da ya bi ta Damaturu. A Janairun 2021 'yan ta'adda suka rusa turakun wannan layi, gari ya yi watanni cikin duhu. A Maris 2023 aka buɗe tashar wuta mai aiki da iskar gas, mai megawat 50. Madalla. Sai dai kawo wuta daban, kawo ta da ƙarfinta daban. In unguwa guda ta rataya a kan taransifoma ɗaya, ko aka ɗora wa ƙaramin janareta fanka da firji da fitilu, tsohuwar adafta mai nauyin nan za ta miƙa wa feda raunin yadda ta karɓe shi.

Saboda haka ya kamata kamfanin rarraba wuta na Yola, wanda Barno ke ƙarƙashinsa, ya san cewa wanda ya biya kuɗin wuta cikakkiya ya biya. Raunin da ke shaƙe jita shi ne ke ƙona injin niƙa da firjin mai ƙanƙara.

Ku kuma 'yan'uwa mazauna Agege da Sabon Ibadan, masu sayo wa ƙannenku kayan kiɗa a kasuwar Alaba, ku duba jikin adafta. In an rubuta 100 zuwa 240, za ta riƙe bolt 9 ko wuta ta yi sanyi. Ku haɗa da sitabilaiza don amfilifaya, da sabbin batura na ko-ta-kwana. Makaɗin da ya ji kunya a biki ɗaya da wuya a sake kiransa na biyu, abincinsa ke nan ya tafi.

Allah ya kyauta.