Dogon Hutu da Ƙofar Jami'a: Shawara ga Iyaye

A wannan mako za mu yi magana ne a kan wani al'amari da ya shafi kowane magidanci mai ɗa ko 'ya a manyan azuzuwan sakandare, watau shirin shiga jami'a, da kuma al'adar nan da ta shigo mana ta tura yara ƙasashen waje su yi karatun 'yan makonni a lokacin dogon hutu.

Kowace shekara, tun kafin damina ta sauka sosai, sai tallace-tallace su fara yawo a wayoyin mutane. Wannan ya ce a kawo yaro ya yi mako biyu a Ingila, wancan ya ce Amurka, wani kuma Turkiyya ko Dubai ko Masar. Ana haɗawa da hotunan manyan gine-gine da yara riƙe da takardun shaida, sa'an nan a ce wa uba wannan tafiya ita ce za ta share wa ɗansa hanyar shiga babbar jami'a. Alhajin kasuwa ya ji maƙwabcin rumfarsa ya tura nasa, ma'aikacin gwamnati ya ji abokin aikinsa ya ci bashi ya tura tasa, sai kowa ya fara jin kamar ya gaza wa iyalinsa. To, kafin mutum ya taɓa jarinsa ko ya jinginar da albashinsa, ya kamata ya san abin da ke buɗe ƙofar jami'a, a gida da waje.

Mu fara da gida, domin a nan mafi yawan 'ya'yanmu za su yi karatu. Abu na farko shi ne sakamakon jarrabawar ƙarshen sakandare, ko ta WAEC, ko ta NECO, ko ta NABTEB, ko kuwa ta NBAIS ga waɗanda suka bi ta makarantun Arabiyya. Ana son kiredit biyar a darussan da suka dace da fannin da yaro ke nema, har da Turanci, a zaman da bai wuce biyu ba. Lissafi wajibi ne ga mai neman kimiyya da fasaha, wasu jami'o'i kuma ba sa karɓar zama biyu ga mai son karatun likita.

Abu na biyu shi ne jarrabawar hukumar JAMB, wadda aka kafa a 1978. Darussa huɗu ake ɗauka, Turanci dole, sauran ukun kuma bisa ga fannin da ake nema. Tambayoyi 180 ne a cikin awa biyu, maki duka 400, kuma tun 2015 a kan kwamfuta kaɗai ake yin ta. A 2024 an fitar da sakamakon ɗalibai fiye da miliyan 1.8, kimanin kashi uku cikin huɗu daga cikinsu ba su kai maki 200 ba. A 2025 aka tsayar da maki 150 a matsayin mafi ƙarancin abin da jami'a za ta duba, amma kada wannan ya ruɗi kowa, domin fannoni irin su likita da shari'a da injiniya suna bukatar abin da ya fi haka nesa ba kusa ba. A wannan shekarar ce kuma gwamnati ta tabbatar da shekara 16 a matsayin mafi ƙarancin shekarun shiga.

Abu na uku shi ne tantancewar da kowace jami'a ke yi da kanta. Jami'o'in gwamnatin tarayya, kamar ta Ahmadu Bello a Zariya, da ta Bayero a Kano, da ta Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, da ta Maiduguri, sun daɗe suna bin tsarin raba gurabe gida uku: kashi 45 cikin ɗari bisa cancanta, kashi 35 ga 'yan jihohin da ke yankin jami'ar, kashi 20 ga jihohin da aka bari a baya wajen ilmin zamani. Daɗin daɗawa, tun 2017 duk gurbin da aka ba ɗalibi sai ya bi ta rajistar JAMB ta intanet kafin ya zama halattacce. Wanda aka shigar ta bayan fage yana iya gama karatunsa ya tarar babu sunansa a jerin masu tafiya hidimar ƙasa.

Mai karatu ya duba waɗannan matakai uku da kyau. Babu inda aka tanadi maki ko ɗaya domin takardar shaidar karatun hutu a ƙasar waje.

Wani zai ce ai shi ba jami'ar gida yake nufi da ɗansa ba. To, mu leƙa can. Jami'o'in Ingila galibi ba sa ɗaukar mai WAEC kai tsaye zuwa shekarar farko, sai ya yi shekara guda ta share fage ko ya kawo sakamakon babbar jarrabawar gaba da sakandare. Ta hannun hukuma guda mai suna UCAS ake nema, kuma mai son Okusfod ko Kambirij ko karatun likita sai ya miƙa takardunsa a tsakiyar watan Oktoba, kusan shekara guda kafin a fara karatu. Jami'o'in Amurka kuwa suna duba sakamakon yaro na shekarun sakandare, da wasiƙun malamansa, da ɗan rubutun da zai yi a kan kansa. A 2020 da yawa daga cikinsu sun daina tilasta jarrabawar SAT saboda annobar korona, amma MIT ta dawo da ita a 2022, Habad da wasu manya suka bi baya a 2024. Ga kuma jarrabawar gwajin Turanci irin su IELTS da TOEFL inda ake bukatarsu. A can ma, ƙoƙarin yaro a aji shi ne jarinsa.

Yanzu mu zo kan makarantun hutun kansu. Abin da iyaye da yawa ba su sani ba shi ne, a garuruwa irin su Okusfod da Kambirij, idan ɗalibai suka tafi hutu, kwalejoji kan ba da hayar ɗakunansu na kwana da na karatu ga kamfanoni masu zaman kansu. Kamfanonin ne ke kawo malamansu, su shirya darussansu, su ba da takardar shaidarsu. Yaro ya kwana a ginin jami'a, ya ci abinci a zaurenta, ya ɗauki hoto a ƙofarta, amma jami'ar ba ta san da zamansa ba. Har ma shirye-shiryen da wasu manyan jami'o'in Amurka ke yi da kansu, sukan faɗa a fili cewa halartarsu ba ta lamunce wa kowa samun gurbi.

Kuɗin fa? Mako biyu a irin waɗannan wurare na Ingila sau da yawa yakan haura fam 5,000, ban da kuɗin jirgi da na biza. A canjin 2025, da fam ɗaya ya kai wajen naira 2,000, wannan ya tasar wa naira miliyan 10. Mafi ƙarancin albashin da aka tsayar a 2024 naira 70,000 ne a wata, watau mai wannan albashi sai ya yi aikin kusan shekara 12 bai ci bai sha ba kafin ya tara kuɗin kwana 14. Ɗan kasuwa ya san abin da miliyan 10 ke yi a rumfa. Kuɗin biza kuma ba a mayar da shi idan aka hana, dokokinta ma suna canzawa ba tare da shawarar kowa ba. A Yulin 2025 Amurka ta mai da mafi yawan bizar da take ba 'yan Nijeriya ta shiga ɗaya mai wata uku, a Disamba na shekarar kuma ta sanya Nijeriya cikin ƙasashen da ta ƙuntata wa bizar ziyara da ta karatu.

Akwai wata asara wadda ta fi ta kuɗi ciwo. Lokacin da Turawa ke hutun zafinsu shi ne daminarmu, daga ƙarshen Yuli zuwa Satumba. Ga yaron da ya gama aji biyar, wannan shi ne hutu mai tsawo na ƙarshe da zai samu. Daga komawarsa makaranta zuwa jarrabawar JAMB, wadda akan yi wajen watan Afrilu, wata bakwai ne kacal, WAEC na biye da ita, NECO na biye da WAEC. Idan aka cinye hutun da neman fasfo da jiran biza da sayayyar tafiya da gajiyar dawowa, yaro zai shiga aji shida da raunin da ya fito da shi daga aji biyar. Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya.

Ba muna cewa fita waje ba ta da amfani ba. Tafiya mabuɗin ilmi ce, yaron da ya ga ɗakin gwaje-gwaje na zamani, ya zauna da sa'o'insa na wasu ƙasashe, yakan dawo da buɗaɗɗen ido da sabon buri. Akwai kuma shirye-shiryen hutu masu daraja ta gaske, alamarsu ita ce zaɓe ake yi bisa hazaƙa, sau da yawa ma kyauta ne. Misali shi ne shirin binciken kimiyya na RSI da ake yi a MIT, inda ake zaɓar ɗalibai kimanin 100 daga ƙasashe daban-daban su yi mako shida ba tare da biyan kuɗin karatu ba. Irin wannan jami'o'i na girmama shi, domin shigarsa da wuya. Wanda kuwa duk mai kuɗi zai shiga, abin da takardarsa ke shaidawa shi ne uban yaro yana da hali. Mai wadatar da ya tura ɗansa domin buɗe ido, yana sane da abin da ya saya, babu laifi a kansa. Abin tausayi shi ne wanda ya sayar da fili ko ya ci bashi da ruwa yana zaton gurbin jami'a ya saya.

Wanda ya ƙudura tura ɗansa, muna ba shi shawara ya yi irin binciken da yake yi kafin ya sari kaya, kada ya yi cinikin biri a sama. Ya tambaya wane ne ainihin mai shirin, jami'ar ce ko kamfani, ya kuma nemi tabbaci daga ita jami'ar. Ya nemi a rubuta masa nawa za a mayar masa idan aka hana biza. Ya biya kuɗi cikin asusun makaranta, kada ya biya cikin asusun dillali. Fiye da kome, ya tuna yaro ɗan shekara 15 amana ce. Ya san wanda zai tarbe shi a filin jirgi, da inda zai kwana, da wanda ke kula da ɗakunan 'yan mata, da irin abincin da za a ba shi, da yadda zai sami lokacin ibadarsa, da asibitin da za a kai shi idan ya kwanta ciwo.

Wannan bincike ya fi zama wajibi idan cikakken karatun digiri ake nufi. A Janairun 2024 gwamnatin tarayya ta dakatar da tantance digirorin Jamhuriyar Benin da Togo, bayan wani ɗan jarida ya samo digiri daga Kwatano cikin mako shida. A wannan shekarar ce kuma faɗuwar naira ta sa wasu ɗalibanmu a wata jami'a ta arewacin Ingila suka kasa biyan kuɗin makaranta har aka dakatar da su. Yaƙin Yukiren na 2022 da na Sudan na 2023 sun dawo mana da dubban ɗalibai karatunsu a rabe. Wanda ya karanto likita a waje kuma sai ya ci jarrabawar hukumar likitoci ta Nijeriya kafin a ba shi izinin aiki. Saboda haka uba ya lissafa kuɗin shekara huɗu ko shida gaba ɗaya, ya bar sarari domin tashin canji, tun kafin a sayi tikitin farko.

To, me za a yi da hutun a gida? Da fari, uba ya zauna da ɗansa da malamin ajinsa, a fitar da darussan da yaron ke da rauni a kansu, a samo masa malami na wata biyu. Kuɗin wannan bai kai kuɗin tikitin jirgi ba. Na biyu, a samo manhajar JAMB da littafinta mai bayanin darussan da kowane fanni ke bukata, waɗanda hukumar ke sakawa kyauta a intanet. Yara da yawa sun ci maki mai kyau sun rasa gurbi saboda kuskuren haɗa darussa: mai son likita sai da Fiziks da Kemistiri da Bayoloji, mai son injiniya galibi sai da Lissafi da Fiziks da Kemistiri. Na uku, yaro ya saba da kwamfuta, ya riƙa amsa tsofaffin tambayoyi da agogo a gabansa, domin tambaya 180 a minti 120 na nufin daƙiƙa 40 ga kowace tambaya. Na huɗu, a yi masa lambar ɗan ƙasa ta NIN, wadda tun 2021 ba a rajistar JAMB sai da ita, a kuma tabbata sunansa da ranar haihuwarsa iri ɗaya ne a kowace takarda. Harafi ɗaya da ya bambanta yakan jawo zirga-zirgar watanni. Na biyar, a sa shi karatun littattafai da jaridu kullum, da Turanci da Hausa, domin mai fahimtar tambaya ya riga ya yi rabin amsa.

Idan kuma an yi duk wannan gurbi bai samu ba, kada a ɗauka duniya ta tashi. Akwai karatun IJMB da Jami'ar Ahmadu Bello ke kula da shi, da na JUPEB, waɗanda wanda ya ci su yake neman shiga aji biyu na jami'a kai tsaye. Akwai kwalejojin kimiyya da fasaha, da na horon malamai, da na aikin jinya, duk hanyoyi ne da mutanen kirki suka bi suka zama abin alfahari.

Ya ku iyaye, 'ya'yanmu sun fi bukatar mu san ajin da suke, da darasin da ke ba su wuya, da ranar da za a rufe rajista, fiye da bukatarsu ga hatimin wata ƙasa a cikin fasfo. Allah ya ba yaranmu sa'ar jarrabawa, ya sa albarka a cikin abin da muke kashewa a kansu. Sai mun sadu a mako mai zuwa, in Allah ya kai mu. Wassalam.