Waiwaye: Baƙin Kwanon Sin da Baƙin Akushinmu

A watan Satumba na 2016, a gwanjon kamfanin Christie's da ke New York, an sayar da wani ɗan baƙin kwanon shan shayi a kan dala miliyan 11.7. Girmansa bai wuce ƙoƙon shan fura ba. Yumɓu ne da wuta.

Irin waɗannan kwanuka an gina su ne a Jianyang da ke lardin Fujian na ƙasar Sin, zamanin daular Song, tsakanin 960 da 1279. Yumɓun wurin yana da sinadarin ƙarfe da yawa. Idan aka gasa shi a zafin da ya kai kusan digiri 1,300, sai shafen ƙyallin da aka yi masa ya narke ya yi baƙi wuluk, wani ya fito da siraran zane da ake kira gashin zomo, wani da ɗigo-ɗigon da ake kira ɗigon mai. Dalilin son baƙin kuwa shi ne, a lokacin garin shayi ake burgawa har ya yi farin kumfa, fari kuma a kan baƙi ya fi haskawa.

A 1391 sarkin farko na daular Ming ya soke kai curarren shayi fada. Jama'a suka koma jiƙa ganye, kasuwar baƙin kwano, wadda dama ta fara ja da baya, ta mutu. Japanawa ne suka riƙe nasu. Suka naɗe su da siliki, suka sa a akwatuna, suka rubuta hannuwan da kowane ya bi. Uku mafiya daraja yau suna gidan tarihi na Seikado a Tokyo, da na Fujita a Osaka, da wani ɗakin ibada a Kyoto, kuma gwamnati ta ayyana su dukiyar ƙasa.

Dattawan Illela da na Birnin Ƙonni sun san wannan hikimar tun kafin su ji sunan Fujian. Baƙin akushi da farin tuwo, ai shi ne cin girma. Masassaƙi ya fafe icce, ya babbake shi har ya yi baƙi, a riƙa shafe shi da mai yana ƙyalli. Yana riƙe zafin tuwo, ba ya ƙona hannu, kuma akushin maigida ba a zuba wa kowa a ciki. Sai fanteka da langa da samira suka shigo jeren amare, roba da kula suka biyo baya. Yau wanda ya shiga kasuwar Illela ranar Lahadi zai tarar da rumfunan kwanuka maƙil, da yawansu daga Sin ɗin suka fito. Akushi kuwa sai an yi cigiya.

An ce kowa ya tuna bara bai ji daɗin bana ba, kuma ba wanda zai ce uwargida ta yar da kula ta koma icce. Darasin dai shi ne, kwanon Jianyang da akushi ciwo ɗaya ya kama su: yadda ake ci da sha ya sauya. Bambancin, wancan ya sami masu adana shi da tarihinsa, namu kuwa ya zama mazubin dusar awaki.

Mai karatu, idan akwai akushin kaka a ɗakin ajiya, a ciro shi, a wanke, a shafa masa mai. A tambayi tsofaffi wa ya sassaƙa shi, a wane gari, da wane icce, a rubuta tun suna raye. Wanda ba shi da wurin ajiya, ya tuntuɓi Hukumar Tarihi da Al'adu ta Waziri Junaidu a Sakkwato.