Mai girki, ki cire na haraji kafin ki tafi cefane

Mu malaman makaranta ba mu taɓa riƙe kuɗin harajinmu a hannu ba. Kafin albashi ya faɗo banki, ofishin Akanta-Janar ya riga ya cire haraji, an cire kashi 5.5 cikin 100 na SSNIT, abin da ya rage shi muke gani. Mukan yi gunaguni a ɗakin malamai, amma gaskiya an hutar da mu. Mai aikin kansa ne ba a hutar ba, musamman matanmu masu girki. Ba masu sayar da waakye a bakin titi kaɗai nake nufi ba. Akwai waɗanda ake kira gidan biki ko suna, akwai kuma masu fita daga Nima ko Madina da asuba su je East Legon su dafa wa gida abincin mako guda, su cika firiza su dawo. Ita irin wannan mace, duk sidin da ya shigo wayarta gani take nata ne. To ba duka ba ne nata.

Yayata tana wannan sana'a shekara bakwai. Bara wata ƙungiya ta ba ta girkin taron kwana uku. Da aka zo biya sai ta ga kuɗin bai cika ba, ta kira ni ina tsakiyar darasi, murya na rawa: "Malam, mutanen nan sun cuce ni fa." Ba su cuce ta ba. Doka ta ce kamfani ko ƙungiya in za ta biya wanda ya yi mata aiki, ta riƙe kashi 7.5 cikin 100 ta miƙa wa Hukumar Tara Haraji ta Ghana, wato GRA, da sunansa. Na ce, "Yaya, ki koma ki karɓi takardar shaidar abin da suka riƙe, kuɗinki ne aka biya a madadinki." Ba ta koma ba, wai kunya take ji.

Bayan wata huɗu aka neme ta da aikin da ya fi wancan girma, aka ce ta kawo takardar shaidar biyan haraji. Ba ta da ita. Ba ta da ko littafin da za ta nuna abin da ta samu a shekara. Kafin mu gama gyara takardu aikin ya tafi hannun wata, abin da aka lissafa mata kuma sai da ta haɗa da kwasar adashinta, wanda ta tanada don kuɗin makarantar 'yarta. Ranar ban ji daɗi ba, domin ni da nake koya wa yaran mutane lissafin kashi cikin ɗari, ban taɓa zama na duba lissafin gidanmu ba.

Ga yadda abin yake. Dokar harajin kuɗin shiga ta 2015 ta tanadi tsari mai sauƙi ga ƙananan sana'o'i, kuma a 2025 GRA ta tashi tsaye wajen aiwatar da shi. Wadda cinikinta na shekara bai wuce sidi 20,000 ba, ƙayyadadden kuɗi za ta riƙa biya kashi-kashi. A tsarin 2025, wadda ta haura 20,000 har zuwa 500,000, kashi 3 cikin 100 ne. Ba sai an je neman wata lamba ba, tun 2021 lambar da ke jikin Ghana Card ita ce lambar harajin mutum.

Mutane suna jin kashi 3 sai su ce ai ba komai. A nan ne tarkon yake. A kan ciniki ake lissafa shi, ba a kan riba ba. A ce an ba ki girkin biki a kan sidi 6,000. Shinkafa, mai, nama, tumatir da gas suka cinye 4,200, 'yan matan da suka taya ki suka karɓi 600. Abin da ya rage miki 1,200 ne. Harajin kuwa a kan 6,000 ɗin ne, wato sidi 180, kusan kashi ɗaya cikin bakwai na guminki. Biki ɗaya ba ya ciwo. Ki tara biki talatin ba ki ajiye komai ba, sidi 5,400 ke nan yana jiranki, kuma ba zai zo a watan da ake ta aure ba. Sai ya zo lokacin da kasuwa ta kwanta, ko daidai da komawar yara makaranta.

Shi ya sa nake cewa a cire shi ranar da kuɗin ya shigo, tun ba a ɗauki kwando an nufi Agbogbloshie ba. Kuɗin da ya shiga kasuwa ba ya dawowa, kowa ya sani. Ki buɗe wani asusun MoMo dabam, ko wani asusun banki da ba ki yawo da katinsa, ki tura na harajin nan take. Ni da za a bi shawarata sai a tura kashi 5, domin bayan GRA akwai lasisin sana'a na ƙaramar hukuma da gwajin lafiyar masu dafa abinci, su ma kowace shekara ake sabuntawa. Adashi kuwa ba wurin ajiye wannan kuɗi ba ne. Adashi yana da ranar kwasa, ranar kuma ba ta san da wa'adin haraji ba.

Akwai wani abu da masu girkin gidaje ya kamata su lura da shi. In mai gida ya yi cefanensa da kansa, ke kuma kika karɓi ladan aiki kawai, cinikinki shi ne ladan nan. In kuwa ya turo miki kuɗin cefane da na aiki a dunƙule, duk ya shiga lissafinki sai in kina da abin da zai rarrabe su. Saboda haka ki raba su tun wurin ciniki, ki ajiye rasit, in kuma ke za ki ɗauki nauyin komai, ki sa harajin cikin farashi. Babu kunya a nan. Otal ma haka yake yi, har ya rubuta a takarda.

Na san abin da wasu za su ce, domin na ji shi a majalisa bayan sallar isha'i ba sau ɗaya ba: me gwamnati ta yi wa zango da za mu ba ta kuɗinmu? A dubi kwatocinmu in damina ta sauka. Maganar tana da ƙanshin gaskiya, ba zan musa ba. Sai dai ƙin biya bai taɓa gyara kwata ba, mu kawai yake rufe wa ƙofa. Ciyar da yara a makarantun gwamnati da aka fara tun 2005, da girkin tarurrukan ma'aikatu, duk aikin da matanmu suka fi kowa iyawa ne, amma mai takarda ake ba. GRA ita ma da sauranta. Bayanin nan da Turanci yake yawo a intanet, alhali wadda ake so ta biya tana gaban murhu da rediyo a gefenta. A shiga gidajen rediyon da ke shirye-shiryen Hausa a Accra da Kumasi, a zo wurin sarakunan zango da ƙungiyoyin mata, a yi bayani da bakin da muke ji.

Yayata dai na saya mata littafin rubutu mai shafi 80, irin na 'yan aji huɗu. Na ja mata layi huɗu: kwanan wata, wanda ya ba da aiki, abin da ya shigo, abin da aka ware. Da farko dariya ta yi, ta ce na mai da ita ɗalibata. Makon jiya da na je gidan na duba, ta kai shafi na 11, ta kuma ƙara layi na biyar da kanta, na masu cin bashi.