Jahilci Ba Ya Tsare Mutuncin 'Ya Mace



Ya 'yan uwana matasa, kwanakin baya wani uba ya cire 'yarsa daga ajin da nake koyarwa a Islamiyya, wai don wanda zai aure ta ya ce mace in ta yi ilmi ba ta biyayya. Wannan magana ta tuna mini da wani wasan kwaikwayo na Faransa da na karanta a jami'a, wato L'École des femmes, ma'ana makarantar matan aure, wanda Moliyer ya fara nunawa a birnin Paris a watan Disambar 1662.

A cikin wasan akwai wani attajiri mai suna Arnolf, ɗan shekara 42, wanda tsoron cin amanar mata ya hana shi aure. Sai ya ɗauki wata yarinya, Anyes, tun tana 'yar shekara huɗu, ya kai ta gidan 'yan zuhudu, ya ce a rene ta cikin duhun kai, don in ta girma ya aure ta. A ganinsa, wadda ba ta san komai ba ba za ta san ha'inci ba. To me ya faru? Da ya yi tafiya, wani saurayi mai suna Horas ya gan ta, ya gaishe ta, ita kuwa ta bar shi ya riƙa shigowa gidan, domin ba wanda ya taɓa koya mata inda iyaka take. Da Arnolf ya tilasta mata ta kori saurayin da jifa, sai ta haɗa dutsen da wasiƙar soyayya. Katangar da ya shekara goma sha uku yana ginawa ta rushe cikin 'yan kwanaki.

Kada wani ya ce ina tallata tarbiyyar Turawa. Ban yarda da wasiƙar ɓoye ba, ban kuma yarda da shirin gudu da Horas ya ƙulla ba. Amma wa ya jefa yarinyar cikin wannan hali in ba wanda ya hana ta sani ba? Tsoron Allah da ilmi ake samunsa. Wadda ba ta san halal da haram ba, duk mai daɗin baki zai iya jan ta.

Abin takaici, mu da ba mu bukatar Moliyer ya koya mana wannan, mu ne ke maimaita wautar Arnolf. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, a cikin Nurul Albab, ya yi kakkausar suka ga malaman da ke barin matansu da 'ya'yansu mata cikin jahilci, kuma 'yarsa Nana Asma'u ta zama malamar mata.

Don haka, ya kai saurayi mai neman aure, in ilmin mace na ba ka tsoro, binciki kanka tukuna. Kujerar ɗalibata na nan babu kowa, kuma gobe in sha Allahu zan koma wurin mahaifinta.

Allah Ya sa mu dace. Wassalam.